Kurakuran da ofisoshin akanta ke yi idan za su koma ajiye takardu a manhaja

Ofisoshin akanta da ke yi wa 'yan kasuwarmu aiki a Legas, daga Agege zuwa Obalende, sun gaji da kabad ɗin fayil, kuma da gaskiyarsu. Haya ta yi tsada, danshin damina na cin takarda, hukumomin haraji kuma duk sun koma intanet. FIRS, hukumar haraji ta tarayya, ta buɗe shafinta na TaxPro-Max a 2021, LIRS ta jihar Legas ma tana da nata shafin. Komawa manhajar ajiye takardu da bin sawun aiki daidai ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ofis zai zuba kuɗi, bayan 'yan watanni ka tarar an koma kabad, manhajar tana can ana biyan kuɗinta a banza.

Tun wajen saye ake fara ɓata rawa. Mai talla ya nuna kyawawan shafuka, oga ya biya, alhali ba wanda ya taɓa zama ya rubuta yadda aiki ke tafiya a ofishin. Kafin ku duba kowace manhaja, ku ɗauki aiki ɗaya, misali harajin VAT na kwastoma guda a wata guda, ku bi shi daki-daki. Wa ke karɓar takardu, wa ke shigar da su, wa ke dubawa, wa ke sa hannu, wa ke turawa kafin ranar 21 ga wata mai zuwa? In amsar ta bambanta daga bakin ma'aikaci zuwa wani, to ku fara daidaita wannan. Manhaja tsarin da kuka ba ta take bi, ba ta ƙirƙiro muku shi.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne barin takarda ta shigo ta ƙofofi da yawa. Alhaji mai albasa a kasuwar Mile 12 ya ɗauki hoton rasit ya tura wa ƙaramin ma'aikaci ta WhatsApp. Direban tirelarsa ya kawo takardar dakon kaya a ninke cikin leda, gefenta duk maiƙo. Bayanan asusun banki kuma suna imel ɗin oga. Manhajar rabi kawai take gani, don haka ba mai yarda da ita, kowa ya ci gaba da riƙe nasa a waya. Ranar da wayar ta faɗa hannun ɓarawo a cikin motar haya ta danfo, rasitan wata uku sun tafi.

Wasu na ganin maganin shi ne a tilasta wa Alhaji ya koyi shiga shafin kwastoma da kalmar sirri. Ba zai yi ba, kuma ba laifinsa ba ne, mutumin da tun asuba yake kan buhuna. Ku bar shi da WhatsApp ɗinsa, amma lamba ɗaya ta ofis, wayar ofis, da imel ɗaya. A ware mutum guda wanda aikinsa ne duk abin da ya shigo ya sa shi a manhaja a ranar. Ku yi wa kwastomomi bayani da saƙon murya cikin Hausa, sun fi saurarensa a kan doguwar wasiƙa. Rasit ɗin POS da na gidan mai kuwa kada ya kwana ba a ɗauki hotonsa ba, domin irin takardar nan zafi ne ke fito da rubutunta, kuma a zafin Legas nan da nan take komawa fara fat.

Sai sunan fayil. Ma'aikaci ɗaya ya rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Muhammadu, kwastoma ɗaya ya tashi da folda uku. Ga kuma Alhaji Sani fiye da ɗaya a littafinku. Ku yi amfani da lambar rajistar kamfani ta hukumar CAC ko lambar haraji a gaba, sannan shekara da wata, sannan irin takardar. A rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya a manna a bango.

Kada ku ce sai kun yi wa takardun shekara goma sikanin, wato ɗaukar hotonsu zuwa kwamfuta, kafin ku fara. Aikin zai cinye ku. Ku fara daga yau, tsofaffin a riƙa shigar da su idan buƙatarsu ta taso. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce a adana bayanan lissafi shekara shida, don haka abin da ke cikin wannan tsakanin shi ne kan gaba. Kuma sikanin ba izinin ƙona asali ba ne. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu, takardar fili, duk abin da ke da hatimi, a ajiye ainihinsa.

Lokacin farawa ma akan yi kuskure. Janairu ana fama da bayanan harajin albashin ma'aikata na shekara da LIRS ke jira zuwa 31 ga wata. Yuni kuma kamfanonin da shekararsu ke ƙarewa a Disamba na gudun kada 30 ga wata ta wuce su ba su miƙa bayanan harajinsu ba. Ba mai kwanciyar hankalin koyon sabon abu a waɗannan watannin. Tsakanin Yuli da Satumba ya fi, kuma da kwastoma biyu ko uku za a gwada tukuna.

Maganar kalmar sirri ba ta wasa ba ce. Don a rage kuɗin wata, sai ofis duka ya shiga da suna ɗaya. Ke nan an zubar da babban amfanin manhajar, wato sanin wa ya buɗe, wa ya canza, wa ya amince. Ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya koma gida, har yanzu yana iya ganin albashin ma'aikatan kwastoma daga wayarsa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa ofis nauyin tsare irin waɗannan bayanan, kuma tun kafin doka amana ce. Kowa da sunansa, kowa ya ga iya abin da ya shafe shi, wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar.

Folda da ke daidaita kanta da Google Drive ko Dropbox ba ita ce ajiyar ko-ta-kwana ba, domin abin da aka goge a nan zai gogu a can. Ku riƙe kwafi daban da ba ya haɗe da intanet, ku riƙa gwada dawo da fayil daga cikinsa. Wanda ya ga yadda intanet ya tsaya a Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, ya san dalili. Kafin ku sa hannu kuma ku tambayi mai sayarwa: da dala ake biya ko da naira, kuma in za mu tashi, ta yaya za mu kwashe takardunmu gaba ɗaya?

Ragowar na wajen oga ne. In mai ofis ya ci gaba da cewa a buga masa a kawo tebur ya sa hannu da biro, ma'aikata za su yi aiki biyu, kuma za su yar da wanda ba a tambayarsu. Shi ya kamata ya fara amincewa da aiki a cikin manhajar, ya kuma mayar da duk fayil ɗin da ya zo masa ta bayan fage, ko da na babban kwastoma ne kuma saura kwana ɗaya wa'adi ya cika.