Yadda Ake Rubuta Sharhi a Kan Kashi Ɗaya na Shirin Fatalwa da Aljanu

Shirye-shiryen talabijin masu dogon zango da aka gina a kan fatalwa, aljanu, mayu da masu shan jini suna kama zuciyar mai kallo ta yadda da zarar kashi ya ƙare, sunayen ma'aikata suka fara hawa allo, mutum yakan ji bakinsa cike da magana. Mafi yawanmu mukan ɗauki waya nan take mu rubuta cewa kashin ya yi kyau, ko kuma an ɓata shi, mu tura a shafukan sada zumunta. Babu laifi a cikin haka, sai dai wanda ya karanta waɗannan kalmomi bai ƙaru da komai ba, tunda bai san abin da ya sa ka ji yadda ka ji ba. Sharhin da ya cancanci a tsaya a karanta shi ne wanda ya kama hannun mai karatu ya kai shi daidai wurin da abin ya faru a allo, ya ce masa ga abin da aka nuna, ga abin da ya jawo mini a zuci, ga kuma dalili.

Kallon farko na jin daɗi ne, saboda haka kada ka riƙa tsayar da shirin domin yin rubutu, kuma kada ka raba hankalinka da waya. An tsara irin wannan shiri ne domin ya tara fargaba a hankali har ta kai inda za ta fashe, kuma duk wanda ya katse shi sau biyar ya hana kansa abin da aka shirya masa. Amma da zarar ya ƙare, kafin ka leƙa ra'ayin kowa, ka zauna ka rubuta abin da ke ranka yadda ya zo, ko da babu tsari: inda gabanka ya faɗi, inda ka ji gundura, maganar da ta tsaya maka a rai, da hoton da ya ƙi barin idonka. Wannan rubutun farko yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan ka fara karanta ra'ayoyin jama'a, cikin 'yan mintoci za ka kasa bambance abin da kai ka ji da abin da aka gaya maka ya kamata ka ji. Kallo na biyu shi ne na aiki. A nan ne za ka riƙe biro da takarda, ka riƙa tsayarwa, ka rubuta mintin da kowace muhimmiyar fitowa ta faru, ka kuma kwafo maganganun da kake son ambata daidai yadda aka faɗe su, ba yadda ka tuna su ba.

Abin da ya fi kowane abu bambanta sharhin irin wannan shiri da na sauran shi ne maganar dokoki, kuma a nan nake so mai karatu ya fi daɗewa. Kowane shiri na abubuwan ɓoye yana ƙirƙirar duniyarsa, ya shimfiɗa mata ƙa'idoji, ya kuma yi wa mai kallo alkawarin cewa zai bi su. A shirin Supernatural na Amurka, wanda Eric Kripke ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a watan Satumba na 2005 aka kammala a Nuwamba na 2020 bayan zango 15 da kashi 327, an koya wa mai kallo tun da wuri cewa fatalwa ba ta tsallake layin gishiri, baƙin ƙarfe yana tarwatsa ta na ɗan lokaci, kuma hanyar rabuwa da ita gaba ɗaya ita ce a tono ƙasusuwan mamacin a barbaɗa musu gishiri a ƙone su. A shirin Buffy the Vampire Slayer, wanda ya gudana daga 1997 zuwa 2003, mai shan jini ba ya iya shiga gidan mutum sai an gayyace shi. Waɗannan ƙa'idoji su ne ke haifar da tsoron kansa. Idan ka san gishiri ne kaɗai ke tsakanin jarumi da halaka, to iskar da ta shigo ta taga ta fara share layin gishirin za ta tsayar maka da numfashi, alhali ba a nuna maka dodo ko ɗaya ba.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kashin da ka kalla ita ce ko ya cika alkawarin da shirin ya ɗauka. Idan jaruman sun tsira, da me suka tsira? Da wata dabara da ta fito daga dokokin da ka riga ka sani, ko da wani makami da ba a taɓa ambatarsa ba sai a minti biyar na ƙarshe? Na farko yana sa mai kallo ya ji an girmama hankalinsa, na biyu kuma yana kama da alƙalin wasa da ya sauya doka ana tsakiyar wasa. Ba kowace sabuwar doka ce laifi ba, domin shirin da ya yi shekaru dole ya faɗaɗa duniyarsa, amma ka duba ko an share mata hanya tun a baya, kuma ko amfani da ita ya jawo wa jaruman wata asara. Sihirin da ake yi ba tare da an biya komai ba yana kashe fargaba, tunda mai kallo ya gane cewa duk ramin da aka faɗa za a fito. Haka batun mutuwa yake: a irin waɗannan shirye-shirye mutane suna mutuwa su dawo, kuma idan abin ya yi yawa, mutuwar jarumi ta daina girgiza kowa. Idan wani ya dawo daga mutuwa a kashin da kake sharhi a kai, ka faɗi abin da dawowar ta ci, da kuma wanda ya biya.

A nan akwai wani abin lura. Masu kallo sun bambanta a kan abin da suka yi imani da shi game da duniyar ɓoye, kuma shirin ba darasin aƙida ba ne, ƙagaggen labari ne. Kana da damar faɗin cewa wani abu da aka nuna ya saɓa wa imaninka ko ya ɓata maka rai, kuma mai karatu zai girmama hakan idan ka faɗe shi a sarari. Sai dai ka ware wannan daga hukuncinka a kan ingancin aikin, wanda ma'auninsa shi ne ko labarin ya daidaita da kansa.

Daga nan sai ka tantance wane irin kashi ne a gabanka. Tun zamanin The X-Files, wanda Chris Carter ya ƙirƙira aka fara a 1993, masu kallo suka saba da rabon kashi gida biyu: akwai wanda yake cin gashin kansa, dodo ya bayyana a farkonsa a gama da shi a ƙarshensa, akwai kuma wanda yake tura babban labarin zangon gaba. Ba adalci ba ne a zargi nau'in farko da cewa bai matsar da babban labari ba, domin ba aikinsa ke nan ba. Abin tambaya a kansa shi ne ko ƙaramin labarin ya tsaya da ƙafarsa, ko kuma ya haska wani abu a halin jaruman.

Sai kuma tsoron kansa, wanda yawancin masu sharhi suke wucewa da kalma ɗaya, su ce kashin ya ba da tsoro. Ka nemo inda tsoron ya fito. Akwai razana ta farat ɗaya, inda ake yin shiru sannan a saki ƙara mai ƙarfi, kuma dabara ce tsohuwa: a fim ɗin Cat People na 1942 wata mata tana tafiya ita kaɗai cikin dare tana jin kamar ana bin ta, mai kallo yana jiran dabba ta afka mata, sai kawai motar bas ta tsaya a gabanta da ƙarar birki. Akwai kuma fargaba mai daɗewa, wadda ake ginawa da duhu, da jinkirin kyamara, da abin da aka ƙi nunawa. Hanya mai sauƙi ta gane wanne aka yi maka ita ce ka maimaita fitowar bayan ka kashe sauti. Idan ta zama ba komai ba, to kiɗa da ƙara ne suka yi aikin, idan kuma har yanzu tsikar jikinka tana tashi, to hoton ne da wasan jarumin. A ganina razanar farat ɗaya tana da wurinta, amma kashin da ya dogara da ita kaɗai ba ya jure kallo na biyu. Shirin Buffy yana da wani kashi na 1999 inda wasu halittu suka sace muryoyin mutanen gari baki ɗaya, aka yi mafi yawan kashin babu magana, kuma tsoron ya fito ne daga ganin mutum yana ihu babu mai jin sa.

Ga yadda bambancin yake a rubuce. A ce a kashin da ka kalla wata yarinya ta ji motsi a ɗakin da mahaifinta ya rasu. Wani zai rubuta cewa fitowar ta tsorata shi matuƙa. Kai kuwa ka rubuta cewa kyamara ta tsaya a bayan yarinyar ba ta motsa ba, kiɗa ya ɗauke gaba ɗaya har ana jin numfashinta, hannunta ya kai ga mariƙin ƙofa ya tsaya, kuma abin da ke fuskarta lokacin da ta juyo bai yi kama da tsoro ba, ya fi kama da fatan cewa shi ne ya dawo. Wanda ya karanta wannan zai koma ya sake kallon fitowar, kuma ko ya yarda da kai ko bai yarda ba, yana da abin da zai kama ya yi maka gardama.

Wannan misali ya kawo mu ga mutanen da ke cikin labarin. Shirin da ya daɗe a zukatan masoyansa ba don dodanninsa ya daɗe ba. Abin da ya riƙe masu kallon Supernatural shekara goma sha biyar shi ne dangantakar 'yan'uwa biyu, Sam da Dean Winchester, da abin da kowannensu zai iya sadaukarwa domin ɗan'uwansa. Ɗaya daga cikin kashin Buffy da aka fi yabawa, wanda aka nuna a 2001, ya ginu ne a kan mutuwa ta rashin lafiya irin wadda kowa ya sani, babu tsafi a cikinta, kuma an yi shi ba tare da kiɗan rakiya ba, domin a bar mai kallo da shirun da ke biyo bayan rashi. Don haka ka tambayi kanka abin da dodon wannan kashi yake wakilta a rayuwar jarumin, ko nadama ce, ko kishi, ko wani sirri da aka binne, sannan ka duba ko jarumin ya fita daga kashin yadda ya shiga ko wani abu ya sauya a cikinsa.

Idan za ka yaba ko ka soki wani abu, ka ɗora shi a kan wanda ya yi shi. Sunan marubucin kashin da na daraktansa suna fitowa a allo, kuma a shiri mai dogon zango sukan sauya daga kashi zuwa kashi. Maganar da ba ta dace da halin jarumi ba aikin marubuci ce, fitowar da duhu ya hana a ga komai aikin darakta da mai ɗaukar hoto ce, ɗan wasa kuwa ana auna shi da yadda ya isar da abin da aka ba shi. Ɗan wasan da ya fito a mugu har ka tsane shi ya yi aikinsa da kyau, kuma bin sa da zagi a shafinsa zalunci ne tsantsa. Sanin halin da aka yi aikin a ciki shi ma yana gyara hukunci. Zango na uku na Supernatural ya tsaya a kashi 16 saboda yajin aikin marubutan Amurka na 2007 zuwa 2008, kuma annobar korona ta dakatar da ɗaukar zangon ƙarshe a Maris na 2020, ba a koma ba sai bayan watanni, ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗa. Wannan ba ya hana ka cewa wani abu bai gamsar da kai ba, amma yana hana ka jingina wa mutane sakacin da ba su yi ba.

Wajen tsara rubutun, ka sa sunan shirin da lambar zango da ta kashi a sama, sannan ka gargaɗi mai karatu a layin farko cewa za ka tona abin da ya faru. Kada ka sa sirrin a take ko a hoton da ka liƙa, domin waɗannan ana ganinsu tun kafin a yanke shawarar karantawa, kuma ba kowa ne yake kallo a rana ɗaya ba. Kada ka ɓata rabin rubutun wajen maimaita labarin, tunda wanda ya kalla ya sani, wanda bai kalla ba kuma bai kamata ya ji daga bakinka ba; jimla biyu ko uku sun isa tunatarwa. Ka zaɓi abu ɗaya da ya fi damunka ko ya fi burge ka, ka ba shi mafi yawan fili, sauran ka taɓa su ka wuce. Idan kana da hasashe a kan abin da zai faru nan gaba, ka kira shi hasashe, ka kawo fitowar da ta sa ka zaci haka, kada ka gabatar da shi kamar labarin da ka samo daga masu shirin. Kafin ka tura, ka ɗauko rubutun farko da ka yi cikin zafin kallo ka ajiye shi kusa da wanda ka gama. Idan kallo na biyu ya sauya maka ra'ayi a kan wata fitowa, ka rubuta duka biyun, abin da ka ji da farko da abin da ka gani daga baya, tare da mintin da ya jawo sauyin.