Kurakuran da masu tallata 'yan takara suka fi yi a soshiyal midiya, da gyaransu

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sakin sakamako kafin baturen zaɓe ya buɗe baki. Ejan, wato wakilin jam'iyya, ya turo hoton takardun rumfa biyar daga Unguwar Rogo ko Gangare a Jos, yaran midiya su haɗa lissafi, kafin magariba an rubuta "mun lashe". Rumfa biyar kuwa ba ƙaramar hukuma ba ce. Idan hukuma ta sanar da wani abu daban, magoya baya sun riga sun ƙudurta cewa an yi musu fashi. Mutumin Jos ya san inda wannan ke kaiwa: taƙaddama kan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Nuwamban 2008 ta ci ɗaruruwan rayuka, alhali a lokacin ko WhatsApp bai fito ba.

In dai za a saka hoto, to ya zama na takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, cikakkiya, ana ganin sunan rumfa da lambarta, da hatimi, da sa hannun jami'in zaɓe. A rubuta ƙarara cewa sakamakon rumfa ɗaya ne, ba a gama tattarawa ba. A zaɓen da INEC ke gudanarwa, a gwada shi da abin da aka ɗora a IReV, shafin da INEC ke ɗora sakamakon rumfuna. Na ƙananan hukumomi kuwa aikin PLASIEC ne, hukumar zaɓe ta jihar Filato, ba ya fitowa a IReV, sai a jira sanarwarta.

Sai tsohon hoto da ake yi wa sabon labari. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barkin Ladi, hotuna masu tayar da hankali sun karaɗe Facebook, daga baya binciken BBC ya gano wasunsu tsofaffi ne, har da bidiyon da asalinsa daga Kongo Brazzaville ne. Tantancewa ba ta cin minti biyar. A saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, a ga ranar da ya fara bayyana. In bidiyo ne, a tsayar da shi a ɗauki hoton allo wuri biyu ko uku, a bincika kowanne. A dubi lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin jami'an tsaro, har da yanayi: hazon hunturu a bidiyon da aka ce na watan Agusta ne ya isa hujja. Saƙon murya ya fi wuya, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke kwaikwayon muryar mutum. Muryar da ba a san wa ya naɗe ta ba, a ina, yaushe, a bar ta inda aka gan ta. Ƙungiyoyin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check suna bin diddigin irin waɗannan, a leƙa shafukansu kafin a tura.

Wasu na ganin zagin addini ko ƙabilar abokin hamayya gishirin kamfen ne. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana kalaman ɓatanci a sashe na 92, sashe na 97 kuma ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan ɗaya ko ɗaurin wata 12 ga mai kamfen da addini ko ƙabila. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne sharhin mabiya. Rubutun ɗan takara tsaf, amma ƙarƙashinsa ana ta "arna" da "baƙi", kuma hoton wannan ne 'yan hamayya za su ɗauka su yaɗa. A naɗa mutum biyu masu sa ido safe da dare, a shigar da irin waɗannan kalmomi cikin jerin da Facebook ke ɓoyewa da kansa.

Dokar ta kuma ce kamfen ya tsaya awa 24 kafin ranar zaɓe. Tallan da aka biya da rubutun da aka saita ya fita da kansa ba su san wannan ba, sai an shiga an kashe su. Kuma Meta, mamallakiyar Facebook, ba ta barin tallan siyasa sai ta tantance mai sakawa da katin shaida, a nuna wanda ya biya, tallan ya zauna a ma'ajiyarta shekara 7. A nemi tantancewar tun kafin a fara kamfen.

Barin shafi a hannun yaro ɗaya ma ganganci ne. Ranar da ya sauya sheƙa, da shafin zai tafi. Cikakken iko ya kasance hannun amintattu biyu, sauran a ba su damar rubutu kawai, kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga ofishin jam'iyya yake.

Idan ƙarya ta riga ta fita daga shafinku, gogewa a asirce ba ta wadatar ba, don an riga an ɗauki hotonta. A rubuta gyara a wuri ɗaya da inda ta fito, a faɗi abin da ba daidai ba da abin da yake daidai, a maƙale shi a saman shafi, sannan a bi duk zaurukan WhatsApp da aka tura ta a saka gyaran.