Yadda Ake Gane Tsohuwar Waƙar Da Aka Zuzuta Da Wadda Ta Ci Sunanta

A majalisun unguwannin Jekadafari da Bolari da Pantami a garin Gombe, gardamar mawaƙan dauri ba ta ƙarewa. Wani ya ce wane suna ne kawai, babu komai a waƙarsa, wani ya taso masa kamar an zagi kakansa. In ka bincika, yawanci dukkansu gindin waƙar, wato amshin da ake ta maimaitawa, kawai suka sani, ba su taɓa zama sun ji ta daga farko har ƙarshe ba. Auna waƙa ba ya buƙatar komai sai waya, abin saurare na kunne, biro da takarda.

Fara da duba kwafin da ke hannunka, domin nan ake yawan zaluntar mawaƙi. Waƙar da masu tura waƙa suka zuba maka a memori ta bi hannu da yawa: daga rediyo ko faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, kafin ta shiga kwamfuta. Rikodar da batirinta ya yi sanyi ko belinta ya saki tana canja gudun zare, sai muryar ta fito a siranta kamar ta yaro, ko ta yi nauyi tana ja. Duba girman fayil ɗin. MP3 mai matsakaicin kyau yana cin kusan megabait 1 a kowane minti, don haka waƙar minti 20 ya kamata ta kai megabait 18 zuwa 20. In ka ga 5, an matse ta, zaƙin kiɗan ya tafi. Duba tsawonta kuma: kaset ɗin C60 minti 30 yake ɗauka a kowane gefe, shi ya sa dogayen waƙoƙi da yawa suke yankewa ana tsakiyar magana. Kada ka saurara da lasifikar waya. Ba ta fitar da ƙasan sauti, kalangu kuwa a can rabin maganarsa take.

Sai ka ji waƙar sau uku, ba a zama ɗaya ba. Jin farko na kiɗa ne zalla: shin makaɗa suna amsa wa jagora, suna canja taki in ya canja murya, ko kuwa bugu ɗaya suke ta yi har a tashi? Ji na biyu na 'yan amshi ne. A waƙar fada irin ta Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo, masu kiɗan kotso, 'yan amshi sukan karɓi magana daga bakin jagora su ƙarasa masa, har su yi ƙari. Wannan aiki ne na horo, kuma kunne yana gane inda aka yi sakaci.

Ji na uku shi ne mai wahala, a nan biro zai yi aiki. Rubuta gindin waƙar a saman takarda. Duk lokacin da jagora ya kawo sabon ɗa, wato maganar da yake yi tsakanin amshi da amshi, ja layi ɗaya ka rubuta abin da ya ce a taƙaice. In ya maimaita ɗan da ya riga ya wuce, sa masa alama. Da ka gama, soke duk layin da ba komai a cikinsa sai jerin sunaye da godiyar kyauta: wane ya ba ni riga, wance ta ba ni turmi. Abin da ya rage shi ne waƙar. Nemi kirari a ciki, da habaici, da zambo, da karin magana da aka sarrafa ba a ɗauko shi ɗanye ba, da siffar da ke sa ka ga mutum ko doki ko fage a idonka. Waƙar da ke da ɗiya 30 amma 25 sunaye ne, daɗin karinta ne ya ɗauke ta, kuma kana da hujjar cewa an zuzuta ta. Sai dai ka lura da inda aka ɗauke ta. A wajen biki dole mawaƙi ya ambaci masu liƙi, don haka nemi wadda aka ɗauka a gidan rediyo ka gwada su.

Akwai tarkon da ya fi kama mu nan Gombe: karin harshe. Manyan makaɗan fada da yawa mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara ne. "Shina" suke cewa a maimakon "yana", "wagga" a maimakon "wannan", "yat tai" a maimakon "ya tafi". Wanda bai kama wannan ba, ko ya ce waƙar shirme ce, ko ya yi ta yabonta don yana jin ta da nauyi alhali bai san me aka ce ba. Duk kalmar da ta shige maka, rubuta ta, ka kai wa Basakkwace ko dattijon da ya saba da waƙar.

Kuma kada ka auna gero da mudun gyaɗa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa, ba shi da 'yan amshi, neman sarƙar amshi a wurinsa ɓata lokaci ne. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, saboda haka maimaici a wurinsa daban yake da na makaɗin da ya kwana yana shirya waƙa da yaransa. Amadar Barmani Choge kuwa kiɗan ƙwarya ne na taron mata, a rawa da raha ake auna ta.

Gundura ma tana rikita hukunci. Waƙar da aka yi shekaru ana sa wa a rediyo, a motar haya, a shagon mai shayi, kunne yakan ƙoshi da ita ko da mai kyau ce. Ajiye ta wata guda kafin ka yi mata wannan gwaji. Haka wadda kake so don ita marigayi Baba yake sa wa da hantsi: ba wa wanda bai tashi da ita ba takardar ya cike, ku haɗa sakamako.

Hukuncin waƙa ɗaya bai isa a ɗora wa mawaƙi ba. Ɗauki biyar: biyu da kowa ya sani, biyu da ba a cika sa wa ba, ɗaya ta ƙarshen rayuwarsa. In ɗiyan da ka soke sun rinjayi waɗanda suka rage a huɗu daga ciki, ka je majalisa da takardarka.