Darasi na 9: Girka Sinkin Wanke-Wanke a Madafi

A yawancin gidajenmu a tsugune ake wanke-wanke, a bakin rariya, da baho biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya. Kafin a gama kwanukan tuwon dare baya ya riƙe, ruwa kuma ya kwanta a gindin katanga. Shi ya sa yanzu ko a ƙauye, wanda Allah ya hore wa ya gina madafi da bulo yakan so ya sa sinki, wato kwanon silba mai rami a gindi da ake girkawa a kan dakali mai tsayi, a riƙa wanki a tsaye. Ba sai da famfo a gida ba. Bokiti mai kan famfo ko ƙaramin duro a ɗora a sama ya wadatar.

Sinki kafin siminti

A fara sayo sinkin, sannan a kira magini. Ni da kaina na yi kuskuren nan. Magini ya ce mini, "Malam, duk girmansu ɗaya ne, bari mu zuba kawai." Muka zuba dakali, muka bar rami da ka. Da na sayo sinkin, sai ga ramin ya fi shi faɗi da yatsa uku, leɓensa bai sami abin hawa ba ta gefe guda. Haka muka yi ta ciko da guntayen bulo, kuma har yau wajen nan yana tsatsafo. Sinki iri-iri ne: akwai mai rami ɗaya, akwai mai biyu, akwai mai faranti a gefe inda ake kife kwano ya tsane.

A Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen kayan gini da na famfo, ana kuma samu a shagunan Dutse, Haɗejiya, Gumel da Wudil. In ka je saye, danna gindin da babban yatsa. Wanda ya lotsa ya yi ƙara kamar gwangwani, bar shi, tukunya ɗaya za ta lanƙwasa shi. Kada ka baro shagon sai ka ga an haɗo maka matacin ramin da zobban robansa da notinsa, da ƙugiyoyin ɗaurewa in sinkin mai ƙugiya ne. Ramin gindin sinkin madafi yawanci inci 3 da rabi ne, bututun da ke fita da ruwa kuma inci 1 da rabi.

Wa ke ɗaukar nauyi?

Nan ne zuciyar darasin, mu ɗan yi lissafi. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Sinki mai tsawon santimita 40, faɗi 35, zurfi 18, yana cin ruwa kusan lita 25, wato jarka guda cur. Ƙara tukunyar tuwo da aka jiƙa don ƙanzo ya saki, ƙara hannun mai wanki da ke dannawa tana goge gindin tukunya da toka, ga yaro da zai zo ya rataya a baki. Duk wannan nauyi dole ya sami hanyar sauka ƙasa.

Mutane da yawa suna ɗauka silikon, wato farin gam ɗin nan da ake matsowa daga kwalbar roba, shi ke riƙe sinki. Aikinsa toshe kafa ne don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashin leɓe. Mai ɗaukar kaya shi ne dakali, dakali kuma yana kan ƙafafun bulo, bulo yana kan ƙasa mai tauri. Idan ɗakin na ƙasa ne, kada a kafa ƙarfen da zai tallafi sinki a jikin bango. Ƙusa ba ta zama a ginin ƙasa, musamman in ya sha laima. A tayar da ƙafafu biyu na bulo mai inci 6 daga ƙasa, a bar ɗan rata tsakaninsu da bangon.

Tsayin dakali daga ƙasa yakan kasance santimita 85 zuwa 90, faɗinsa daga gaba zuwa bango santimita 60. Amma kafin a yanke, a kira uwargida ta tsaya a wajen, ta miƙa hannu kamar tana wanki. Ita za ta yi shekaru a gaban abin nan, ba magini ba. In gajera ce a rage.

Sinki mai hawa sama

Wannan shi ne mafi sauƙi, shi na fi ba ku shawara a kai. Ana zura shi ta sama, leɓensa ya hau kan dakali ta kowane gefe.

A kife sinkin a kan kwali, a zagaye bakinsa da fensir. A ɗauke shi, a sake zana wani layi daga ciki, ratar santimita 1 da na farko. Layin ciki shi ne girman rami. Wanda ya yanke a kan layin waje, sinkinsa zai faɗa ta ciki. A bar aƙalla santimita 5 na dakali ta gaba da ta baya don kada bakin ya karye.

Idan dakalin siminti ne, kafinta ya haɗa akwatin katako daidai layin ciki, a shafa masa baƙin mai don ya fita da sauƙi, a ajiye shi a inda ramin zai kasance. A jera rodi ya zagaye akwatin, musamman ta gaba inda simintin ya fi siranta. Kwaɓin shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa ƙanana, kaurin dakalin kamar inci 3. Sai ban ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe da buhu jiƙaƙƙe. A lokacin hunturu da bazara iska na shanye ruwan da wuri, siminti ya tsage, don haka kada a yi ƙyuya. Ƙarfinsa ba ya cika sai ya kwana 28, kada a hau kai kafin nan. Bayan an manna tayil ko an goge saman da siminti, wuri ya bushe ƙarau, a share ƙura, a zagaya bakin ramin da silikon ba yankewa, a zura sinkin, a danna, a goge abin da ya fito da yatsa mai ruwan sabulu. A ɗora bulo biyu a kan tsumma su danne shi, kada a taɓa sai bayan awa 24. Silikon iri biyu ne. Mai warin tsami ba ya kama siminti sosai, nemi marar warin.

Idan teburin katako ne, nan ƙugiyoyi ke aiki. Ƙananan ƙarafa ne masu ƙusa mai zare, kai ɗaya yana maƙale a ƙarƙashin leɓen sinki, ɗayan yana cizon katako ta ƙasa. An yi su ne don katako mai kaurin santimita 3 zuwa 4, shi ya sa ba sa kaiwa a dakalin siminti. Wajen ɗaurewa kada a gama da ɗaya kafin a koma ɗaya. A ɗan ja ta gabas, a ja ta yamma, a ja ta kudu, a ja ta arewa, a sake zagayowa, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. In an matse gefe guda, leɓen zai karkace ya buɗe kafa. Bakin katakon da zarto ya ci a shafe shi da fenti mai mai sau biyu. Allon nan na garin katako da aka matse kuwa, ruwa na taɓa shi yake kumbura kamar burodi, ga gara tana jira. Ban ga amfaninsa a madafin ƙauye ba.

Mai shiga ta ƙasa

Akwai wanda ake mannawa ta ƙarƙashin dakalin mabul ko dutse, ba a ganin leɓensa. Yana da kyau, amma yana son injin yanka, da ƙarafan tallafi, da gam mai ƙarfi, da gwani. In ka gan shi a birni ya ba ka sha'awa, ka sani rataye yake, sai an gina masa abin da zai zauna a kai.

Ina ruwan zai tafi?

Ya fi sauƙi a ɗaura matacin tun sinkin yana ƙasa. Zoben roba ya zauna daidai, a ja notin da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. Ƙarƙashinsa a sa lanƙwasar bututu mai riƙe ɗan ruwa, wata kamar ƙugiya take, wata kamar kwalba. Ruwan da ke kwance a cikinta shi ke hana wari da kyankyasai dawowa. A sayi wadda ake kwancewa da hannu, domin tsakin tuwo da man miya a nan suke taruwa. Bututu ya riƙa gangarawa santimita 2 a kowace mita 1, ya fita nesa da gindin katanga.

A ƙarshensa a haƙa rami a cika shi da fasassun bulo da tsakuwa, a rufe don sauro. Inda ƙasa jigawa ce, ruwa zai shige nan da nan. A yankin fadama mai laka, irin na bakin kogin Haɗejiya, sai an faɗaɗa ramin. Ya yi nisan mita 15 ko fiye da rijiya.

Gwaji: a toshe sinkin, a cika shi, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa. Bayan rabin awa a duba, a buɗe ruwan ya tafi gaba ɗaya, a sake dubawa. Ɗigo ɗaya a kan kwali zai nuna maka notin da ke son ƙari.

Aikin gida

1. Sinki ya ci lita 25, tukunya kilo 6 ce. Kilo nawa dakali ya ɗauka?
2. Bututunka mita 4 ne. Santimita nawa zai gangara daga farko zuwa ƙarshe?
3. Auna tsayin wadda ke wanke-wanke a gidanku daga ƙasa zuwa ƙugu, ka rubuta, ka zo da shi aji mako mai zuwa.