Yadda za ku rage wa mai shanyewar ɓarin jiki damuwa yayin da ake masa gashi

A aikinmu na gashin ƙashi, sau da yawa ba ƙafa ce ke hana majinyaci ci gaba ba, zuciya ce. Magidancin da jiya shi ke yin cefane, yau sai an riƙe shi zuwa bayan gida. Ba kowa ke iya haɗiye wannan ba. Kusan mutum 1 cikin 3 da suka tashi daga wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma wanda ya faɗa ba ya yarda ya motsa jiki. Ga shi watanni 3 zuwa 6 na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa.

Abin da nake fara roƙon iyali shi ne su rage 'yan dubiya. Na san da nauyi, wa zai iya korar surukai? Amma ɗaki ya cika, kowa da "ya jiki, Alhaji?", shi kuma yana ta kokawar fitar da "da sauƙi", wannan aiki ne babba ga ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. Ku ware lokaci ɗaya, misali bayan la'asar, mutum biyu ko uku su shiga, sauran su gaisa da iyali a zaure. Duk wanda ya fara "ai wane ma haka ya yi, bai kai wata ba", a ja shi waje cikin mutunci.

Idan ɓarin dama ne ya shanye, magana ma takan taɓu, domin hagun ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane sashen magana ma yana can. Ba kurumcewa ya yi ba, kuma bai koma yaro ba. Kada ku ɗaga masa murya, kada ku tattauna lamarinsa a kansa kamar ba ya wurin. Ku yi tambaya gajeriya, "Baba, koko ko shayi?", ku nuna masa kofunan, sannan ku jira. Jiran nan ne ke gagarar mutane, sai su ƙarasa masa zancen, ransa ya ƙara ɓaci.

Wani zai fashe da kuka ko dariya ba gaira ba dalili. Ba iska ba ce, ba taɓin hankali ba ne, raunin ƙwaƙwalwar ne ke kawo shi. Ku bar shi ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake ta baki, ku sauya hira.

Tausayin da ya wuce kima ma yana karya zuciya. Ku bar shi ya riƙe cokali ko da miya za ta zuba a riga. Ku ci gaba da neman shawararsa kan kuɗin makarantar yara da abin da za a shuka bana. Ya yi sallarsa a zaune, ya yi taimama idan alwala ta gagara. Nakan ce a sa masa carbi a hannun da ya shanye, lafiyayyen yana taimaka masa ja: ga zikiri, ga motsa yatsu.

Burin kowane mako ya zama ƙarami, a rubuta shi a takarda: tashi daga gado zuwa kujera, ko taku zuwa bakin ƙofa. Kada a gwada shi da maƙwabcin da ya miƙe da wuri. Wajen ɗaga shi kuma kada a ja shi ta raunannen hannu, kafaɗa na iya gocewa, ciwonta ya hana barci. Maganin hawan jini kullum ne, ko yana jin garau.

Idan ya kai mako 2 yana ƙin abinci, ba ya barci, ba ya son ganin kowa, ku gaya wa likita, akwai magani. Idan ya ce gara ya mutu ya huta, kada ku jira, ku kai shi a ranar. Haka nan idan baki ya sake karkacewa ko magana ta ƙara laƙewa, asibiti nan take.

Mai jinya ma tana gajiya, kuma majinyaci yana karanta fuskarta. Kada a bar wa uwargida ita kaɗai dare da rana. 'Ya'ya da ƙanne su raba kwanakin, kowa ya san ranarsa.