Darasi na 9: Wa zai biya kuɗin falwaya?

A jihar Kalifoniya ta Amurka, gidaje da yawa sun kafa faifan sola a kan rufi. Da rana, in wutar ta fi ƙarfin buƙatar gida, sai rarar ta bi waya ta koma wa kamfanin wuta. Tun 1996 doka ta ba da wannan dama. An yi shekaru ana lissafa wa mai sola kowane yunit da ya tura kusan a farashin da yake saye.

Daga nan gardama ta tashi. Kuɗin da ke kan bil ba na wuta kaɗai ba ne. Akwai na falwaya da waya da taransifoma, akwai albashin masu gyara, har da sare rassan bishiya don gudun gobarar daji. Ko wa ya sa sola, waɗannan ba sa raguwa.

Mu yi lissafi. A ce gida 10 ne a kan taransifoma ɗaya, kula da ita na cin dala 100 a wata. Kowane gida dala 10 ke nan. Sai gida 2 suka sa sola, bil ɗinsu ya koma kusan sifili. Dala 100 tana nan daram, ta dawo kan gida 8, kowa dala 12 da rabi. Yawanci ’yan haya ne da marasa hali, waɗanda ba su da rufin kansu. Ga shi kuma da magariba gidan sola ma wayar nan yake dogara da ita.

Masu sola su ma suna da bakin magana. Da guminsu suka sayi kayan. Wutarsu maƙwabci ke sha, ba ta yin doguwar tafiya, kuma tana rage wa layi nauyi a tsakar rana. Suna cewa kamfanoni ribarsu suke karewa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don in masu sola kaɗan ne, ƙarin bai kai a ji shi a aljihu ba. Sai sun yi yawa.

A Disamba 2022 hukumar da ke tsara farashin wuta a jihar ta zaftare kusan kashi 75 cikin 100 na kuɗin rarar, ga masu kafawa daga Afrilu 2023. Shi ya sa da yawa yanzu suke haɗawa da batir, su adana ta rana su sha da dare.

Aikin aji: In gida 5 cikin 10 ne suka sa sola, nawa kowane gida da ya rage zai biya? Rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.