Yadda Za Ka Yi Amfani da Kalmar "Sorry" Ba Tare da Ruɗani Ba

Idan wani ya yi tuntuɓe a Kasuwar Wunti da ke Bauchi, za ka ji na kusa da shi sun ce masa "sannu", waɗanda suka yi boko kuma su ce "sorry", alhali babu wanda ya ture shi. Wannan amfani ya zauna daram a Turancin Najeriya, kuma ni ban ɗauke shi a matsayin kuskure ba, domin asalin kalmar ma yana goyon bayansa. Ta fito ne daga "sarig" ta tsohon Turancin da ake yi a Ingila kafin shekarar 1100, wadda ke nufin mai jin ciwo ko ɓacin rai, kuma tushenta ɗaya da "sore", wato gyambo ko wurin da ke zafi. Mutane da yawa suna zaton daga "sorrow" ta fito, amma tushensu daban ne, kama kawai suka yi.

Kafin ka furta ta, ka tambayi kanka abin da za ka ce da Hausa. Idan "ka yafe mini" ne, to laifinka ne, sai ka ambaci laifin bayan "for", kamar "I am sorry for coming late". Idan ta'aziyya ce, inda mu za mu ce "Allah ya jiƙansa", sai ka ce "I am sorry for your loss", kuma babu wanda zai zaci kana amsa laifi. Idan labari maras daɗi ka ji, "I am sorry to hear that" ita ce ta dace.

Inda ake samun matsala shi ne wurin "sannu". Ɗalibin da ya bar Gombe ya tafi karatu Ingila, idan ya ga Bature ya faɗi ya ce masa "sorry" kaɗai, yana iya jin an amsa masa da cewa ai ba laifinsa ba ne, domin a can gajeriyar kalmar ta fi karkata ga neman gafara. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne "Are you all right?"

Haka nan, idan ba ka ji abin da aka faɗa ba, ka ɗaga murya a ƙarshenta kamar mai tambaya, "Sorry?", daidai da yadda muke cewa "na'am?" don a maimaita mana.